Haɗin ciwon jiki: tumbi yana kuka, ƙoda ta yi shiru

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan ɗan ƙullin ƙwayoyin nan da ake kira haɗi, wanda ya zama ruwan dare a shagunan magani da tashoshin mota da bakin kasuwanni. Mutum ya wuni yana dako, ko yana tura kurar ruwa, ko yana kan babur tun safe. Magariba ta yi, ya tsaya a kemis ya ce, "Malam, a haɗa min na ciwon jiki." Sai a ɓallo ƙwayoyi huɗu ko biyar daga katuna daban-daban, ja da fara da ruwan ɗorawa, a zuba masa a tafin hannu, ya kora da ruwan leda a tsaye, sau da yawa bai ci komai ba tun rana. Gaskiya ne jikin yana saki. Shi ya sa gobe ma zai dawo.

In aka baje haɗin nan a kan tebur, abin da aka fi samu a ciki shi ne diklofenak, da ibuprofen, da piroksikam, wani lokaci da indometasin ko asfirin, a ƙara da farasitamol, a rufe da ƙaramar ƙwayar deksametason ko prednisolon. Biyar ɗin farko 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya, hanyarsu ɗaya. Haɗa biyu ko uku daga cikinsu ba ya ƙara sauƙin ciwo yadda mai sha yake zato, illar ce kawai take ninkuwa. Kuma gaɓoɓi biyu ne suke biyan wannan bashi, tumbi da ƙoda.

Tumbin babban mutum yana tsatso da ruwan narkar da abinci kusan lita ɗaya da rabi zuwa lita biyu a kullum. A cikin ruwan akwai asid mai ƙarfin gaske. A ma'aunin tsami, inda ruwan sha yake kan lamba 7, ruwan tumbin da babu abinci a cikinsa yakan sauka zuwa 1 ko 2. Akwai kuma sinadarin pepsin mai narkar da nama. To tumbi ai shi ma nama ne, me ya hana ya narkar da kansa? Allah ya yi masa daɓe. Bangonsa na ciki a shafe yake da majina mai kauri da yauƙi. A ƙarƙashin majinar, bangon yana fitar da sinadarin baikabonet, ɗan'uwan kanwa, wanda yake kashe kaifin duk asid ɗin da ya kutso. A bayan wannan kuma akwai ƙananan jijiyoyin jini masu kwashe abin da ya tsallake, suna ciyar da fatar bangon da take sabunta kanta cikin 'yan kwanaki. Mai kula da majinar da baikabonet ɗin da gudun jinin duka wani sinadari ne da jiki yake ƙerawa, sunansa prostaglandin. Shi ne mai gadin gidan.

Matsalar ita ce wannan mai gadi yana da wani aikin a wani wurin. Idan gwiwa ta kumbura ko baya ya riƙe, prostaglandin ne yake tsananta zogin. A 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano cewa asfirin da danginsa suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki ƙera wannan sinadari, kuma a kan haka ya samu kyautar Nobel a 1982. Ƙwayar ba ta san gwiwa ba, ba ta san tumbi ba. Da ta shiga jini, ko'ina take kashe masa kasuwa. Gwiwa ta huta, tumbi kuma ya wayi gari ba mai gadi, majina ta yi siriri, asid yana nan da ƙarfinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Daga nan za a gane kuskuren masu cewa, "Ina da olsa, kada ka ba ni ƙwaya, yi min allurar diklofenak." Gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ɓarnar ba a taɓa tumbi kai tsaye kaɗai take ba, ta jini take zuwa, kuma allura ta fi ƙwaya saurin shiga jini. Haka ƙwayar da aka yi wa rufi don kada ta narke sai ta wuce tumbi. Cin abinci kafin a sha yana rage zafin ciki, amma ba ya mayar da mai gadin bakin aikinsa. Wanda yake shakka ya tuna abin da ake yi da kafson indometasin a gidajenmu: a farke shi a barbaɗa a kan ragowar abinci ko busasshen kifi a ajiye wa ɓera. Abin da yake kashe ɓeran shi ne gyambo da zubar jini a tumbinsa da hanjinsa. Ba wai mutum da ɓera ɗaya ba ne wajen juriya, amma hanyar ɓarnar ɗaya ce. Piroksikam kuma yana da wani hali na daban: yakan ɗauki kusan kwana biyu kafin rabinsa ya bar jiki, don haka mai shan sa kullum tara shi yake yi. In aka ɗora deksametason a kai, haɗarin zubar jini ya ƙaru, gyambon kuma ya ƙi warkewa. Mata masu shan deksametason don ƙiba, abin da ake kira sha-ka-fashe, in suka haɗa da ƙwayar ciwon mara ta wannan gida, suna cikin wannan layi.

Gyambon da irin wannan ƙwaya take haifarwa sau da yawa ba ya ciwo, tunda maganin ciwo ne ya haife shi. Alamarsa ta farko tana iya zama bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, mai wari na daban, ko amai mai kama da dattin shayi, ko jiri in an miƙe tsaye, da farin ido da haki. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ita ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ta sa shi danƙo da wannan wari. In kuwa ciwo ya soki mutum farat ɗaya, ciki ya ƙame kamar katako, ko motsi ba ya so, to gyambon ya huda bango. Wannan aikin tiyata ne a daren, ba na jiƙo ba, ba na "bari mu ga safiya" ba.

Ba ƙwaya kaɗai take kawo gyambon ciki ba. Babban dalili ɗaya shi ne wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta pailori, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a birnin Perth a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kurɓi ƙwayoyin cutar da kansa a 1984 har tumbinsa ya kumbura. Sun samu Nobel a 2005. Dabararta ita ce ta lafe a cikin majinar tumbi, tana sarrafa sinadarin yuriya zuwa amoniya, ta yi wa kanta laima daga asid. Akan ɗauke ta tun ƙuruciya, ta ruwa da abinci da cunkoson gida. Binciken da aka yi a yankin Maiduguri a farkon shekarun 1990 ya nuna mafi yawan mutanen da aka gwada suna ɗauke da alamarta a jini. Wannan yana da ma'ana a aikace: gwajin jinin da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji kusan kowa zai nuna yana da ita, kuma zai ci gaba da nunawa ko bayan an kashe ta. Gwajin bayan gida ko na numfashi shi ne yake nuna tana nan a raye. Shi ma sai an daina shan omeprazol, maganin rage asid ɗin tumbi, mako biyu kafin a yi, in ba haka ba ya ce babu alhali akwai.

Maganinta ba ƙwaya ɗaya ba ce. Tsarin da aka fi sani shi ne omeprazol miligiram 20, da amoksisilin giram ɗaya, da klaritromaisin miligiram 500, kowanne safe da yamma, kwana 14 cif. Inda cutar ta daina jin klaritromaisin, likita yakan koma tsarin magani huɗu mai ɗauke da bismut. Abin da yake ɓata aikin shi ne a sha kwana huɗu, ciwo ya lafa, ɗacin bakin da klaritromaisin yake sawa ya ishi mutum, ya ajiye sauran. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin waɗanda suka tsira daga cikin ƙwayoyin cutar su ne masu taurin kai. Bayan an gama da aƙalla mako huɗu, a sake gwajin bayan gida don a tabbatar ta mutu.

Shi omeprazol kansa mutane da yawa ba su iya shan sa ba. A bangon tumbi akwai 'yan ƙananan famfuna masu turo asid, kuma maganin yana toshe wanda ya tarar yana aiki ne kawai. Abinci ne yake tayar da famfunan. Saboda haka a sha shi minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, yadda zai isa jini daidai lokacin da suka buɗe. Mai azumi ya sha kafin sahur da wannan tazara. Kada a tauna 'yan ƙwayoyin da suke cikin kafson, rufinsu ne yake kare su daga asid. Ba maganin sha-yanzu-magani-yanzu ba ne, yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar kafin ya kai cikar ƙarfinsa. Gyambon farkon ƙaramin hanji mako huɗu yake buƙata, na tumbi mako takwas. Shan sa shekara da shekaru ba tare da likita ya duba ba yana iya rage magniziyam da bitamin B12 a jiki, kuma a wasu mutane ƙalilan yana kumbura ƙoda. Ranitidin, maganin olsa da aka saba da shi a da, ƙasashe da yawa sun janye shi daga kasuwa a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a cikinsa, wanda ya gan shi a kan kanta ya bar shi a wurin.

Farin ruwan nan na magniziyam tirasiliket da 'yan'uwansa na taunawa kashe kaifin asid suke yi na ɗan lokaci, ba sa warkar da gyambo. Mai magniziyam yana sakin ciki, mai alminiyam yana ɗaure shi. Suna kuma kama wasu magunguna a hanji su hana su shiga jini, musamman siprofloksasin da doksisaikilin da ƙwayar ƙarin jini, don haka a sha waɗannan aƙalla awa biyu kafin farin ruwan. Madara tana sanyaya ciki minti kaɗan, sannan ta sa tumbi ya ƙaro asid. Yaji da yunwa suna tayar da ciwon da yake akwai, amma ba su suke haƙa gyambon ba. Jiƙon kanwa kuwa yana kwantar da ƙwannafi, babu musu, amma kanwa cike take da sodiyam, irin wanda yake cikin gishiri, kuma ƙoda ce za ta yi dakon fitar da shi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da yake kama masu jego. Mai hawan jini da mai kumburin ƙafa ba su da haɗi da ita. Sannan ba duk zafin ƙirji ne olsa ba. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga da ya ji nauyi a ƙahon zuciya, da gumi, da zogi yana tafiya kafaɗa ko muƙamuƙi, a duba zuciyarsa kafin a miƙa masa farin ruwa.

Yanzu ga inda na fi son mai karatu ya tsaya. Masu kemis da yawa sun waye, sukan jefa kafson omeprazol ɗaya a cikin haɗin, su ce don kada ya taɓa ciki. Hakan yana rage haɗarin gyambo, ban musa ba. Amma tumbi shi ne gaɓar da take iya kuka. Da an toshe masa baki, mai shan haɗi ya samu lasisin ci gaba wata da watanni, ita kuwa ƙoda omeprazol ba ya kare ta ko kaɗan, kuma ba ta da bakin yin ƙorafi.

Ƙoda guda biyu ce, kowacce tsawonta kamar santimita 11, nauyinta wajen giram 150, ba ta fi dunƙulen hannu ba. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya take harbawa ta cikinsu yake bi, fiye da lita ɗaya a kowane minti. A cikin kowacce akwai 'yan matatai kusan miliyan ɗaya. Kowane mataci ɗan curin jijiyoyin jini ne, da ƙofar shiga da ƙofar fita, sai wani dogon bututu siriri a bayansa. A kwana ɗaya matatan nan suna tace ruwa kusan lita 180, jarka tara ke nan ta lita ashirin. Bututun yana mayar da kashi 99 cikin 100 zuwa jini, tare da suga da gishirin da jiki yake so, abin da ya rage kamar lita ɗaya da rabi shi ne fitsari. Ban da wannan, ƙoda ce take daidaita hawan jini, take aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jini, take kuma kammala bitamin D don ƙashi. Shi ya sa mai ciwon ƙoda yake fari fat ko da yana cin abinci mai kyau.

Tacewar ba ta yiwuwa sai da matsi. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa da tiyo ya san abu biyu ne suke sa ruwa ya yi ƙarfi: a buɗe famfo sosai, a kuma danne bakin tiyon da yatsa. Haka mataci yake yi. Idan ruwan jiki ya yi ƙasa, prostaglandin yana buɗe ƙofar shiga, wani sinadarin kuma mai suna anjiyotensin yana matse ƙofar fita, sai matsin ya tsaya daidai ko da jinin ya ragu. Matashi lafiyayye da ya ƙoshi da ruwa ƙodarsa ba ta dogara da prostaglandin sosai ba, shi ya sa zai sha ibuprofen kwana biyu ya tashi garau. Amma mai ƙishirwa, da tsoho, da mai ciwon suga, da mai ciwon zuciya ko hanta, da mai sikila, ƙodarsu a kan wannan sinadari take rataye. Ka ba su diklofenak, ka murɗe famfon.

Ɗauki lebura a watan Afrilu a Sakkwato ko Nguru ko Maiduguri, zafi ya haura digiri 40. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yana iya zubar da gumi lita ɗaya a awa ɗaya. Ledar ruwa rabin lita ce. In ya sha leda huɗu a wuni, lita biyu ya mayar daga cikin shida ko fiye da ya zubar. Fitsarinsa ya yi kaɗan, ya yi ja kamar shayi. A daidai lokacin da ƙodarsa take riƙe da ƙofar shiga da hannu bibbiyu, a lokacin yake aika mata haɗi. Yau ta ji rauni ta farfaɗo, gobe ma haka, amma duk matacin da ya mutu ba ya dawowa, tabo yake zama. A Nikaraguwa da El Salbado an daɗe ana ganin matasa masu saran rake suna rasa ƙoda ba su da suga ba su da hawan jini, kuma zafi da ƙishirwa mai maimaituwa suna sahun gaba a abubuwan da likitoci suke tuhuma, maganin ciwon jiki yana ƙara wa wutar itace. A nan gida kowa ya san yadda ake kokawa da ciwon ƙoda a Gashuwa da ƙasar Bade da Haɗeja, inda masu bincike suke duba ruwan sha da magungunan feshi da sauransu. Ba na ɗora wa ƙwaya ɗaya alhakin wannan. Abin da nake cewa shi ne, ƙodar da wani abu ya riga ya raunana ita ce ba ta jure haɗi.

Akwai wata gamayya da ta fi wannan muni, kuma a gidajen dattawanmu take. Hajiya tana shan lisinopril ko losatan don hawan jini. Aikin waɗannan shi ne sassauta ƙofar fita, wato ɗage yatsa daga bakin tiyo, kuma magunguna ne masu kyau da suke kare ƙodar mai ciwon suga shekara da shekaru. Tana kuma shan ƙwayar sa fitsari, furosemid ko haidurokulorotayazaid, mai rage ruwan jiki. Sai gwiwa ta dame ta, jika ya sayo mata diklofenak. An rage ruwan, an saki bakin tiyo, an murɗe famfo. Cikin 'yan kwanaki tacewa ta faɗi, sinadarin potasiyam da ya kamata ya tsaya tsakanin 3.5 da 5 ya hau, in ya haura 6.5 zuciya tana iya tsayawa ba sallama. Ko bai kai nan ba, ƙwayar ciwon jiki tana sa jiki riƙe gishiri, awon jinin Hajiya ya ƙi sauka, a yi ta ƙara mata magani ba a san ɓarawon a ɗakinta yake kwana ba.

Hanji ma yana da hannu a rayuwar ƙoda. Ruwan da yake bi ta cikin mutum a kullum ya kai lita takwas zuwa tara: kamar biyu na abin da ya ci ya sha, sauran yawu ne da ruwan tumbi da na madaciya da na hanji. Ƙaramin hanji yana shanye mafi yawa, babban hanji ya tsotse saura, abin da yake fita a bayan gida bai wuce rabin kofi zuwa kofi ɗaya ba. Amai da gudawa yanke wannan shanyewar suke yi, shi ya sa kwalara take iya busar da ƙato cikin wuni ɗaya, kuma abin da yake biyo baya shi ne tsayawar ƙoda. A bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da gishiri sai tare da suga, in sun shiga ruwa ya bi su, kuma gudawa ba ta rufe ta. Sirrin ruwan gishiri da suga ke nan. Na ƙunshi da ake sayarwa ya fi, a zuba shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, da rabin wannan ƙaramin cokalin na gishiri. Kada ɗanɗanonsa ya fi hawaye gishiri. Lemon kwalba ba madadinsa ba ne, yawan sugansa janyo ruwa yake zuwa cikin hanji. Yaro a ƙara masa zink miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jariri ƙasa da wata shida rabin haka. Duk mai amai da gudawa da ya kasa ci da sha ya ajiye ƙwayar ciwon jiki gaba ɗaya, ya kuma tuntuɓi likitansa a ranar kan dakatar da lisinopril da losatan da ƙwayar sa fitsari da metformin na ciwon suga, har sai ya koma ci da sha kwana ɗaya ko biyu. Allurar jentamaisin da ake saurin yi wa mai gudawa a kemis ita kanta guba ce ga bututun ƙoda, ballantana a jikin da ya bushe.

Ciwon ƙugu da mutane suke kira ciwon ƙoda yawancinsa na tsoka ne ko ƙashin baya. Ƙodar da take lalacewa a hankali ba ta zogi. Mutum yana iya rasa kusan rabin aikinta kafin sinadarin kiriyatinin ya fita daga iyakarsa a gwajin jini. Kumburin fuska da safe, kumfa a fitsari da ba ta bajewa, yawan tashi fitsari da dare, ƙaiƙayi, tashin zuciya da shaƙuwa, duk baƙin yamma ne. Babban mutum da fitsarinsa na wuni da kwana bai cika ledar ruwa ɗaya ba, asibiti ya nufa. Mai hawan jini, da mai suga, da mai sikila, da duk wanda ya yi watanni yana shan haɗi, ya yi gwaji biyu sau ɗaya a shekara: na furotin a fitsari, da na kiriyatinin, ya kuma roƙi a lissafa masa ƙarfin tacewar ƙodarsa. Lafiyayye yana sama da 90. Ƙasa da 60 har wata uku ciwo ne da ya zauna. Ƙasa da 15 an fara zancen wankin ƙoda, wanda ƙa'idarsa sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama, abin da gidaje ƙalilan ne suke iya ɗauka ko na wata biyu. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma dashe sai da mai bayarwa, sai kuma maganin hana jiki ƙin baƙuwar ƙoda har ƙarshen rayuwa. Wanda tacewarsa ta yi ƙasa ya sani cewa farin ruwan olsa ma ya zama abin tsoro gare shi, domin magniziyam da alminiyam taruwa suke a jini.

To me mai ciwon jiki zai sha? Farasitamol ba ɗan gidan su diklofenak ba ne, ba ya huda tumbi, ba ya murɗe famfon ƙoda. Babba ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, da tazarar awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce takwas a wuni da kwana. Iyakarsa hanta ce, don haka mai ciwon hanta da ramamme su rage, a kuma lura cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Gwiwa da kafaɗa, man shafawa na diklofenak yana aiki, kuma ɗan kaɗan ne yake shiga jini. In dole sai ƙwayar wancan gida, to guda ɗaya tak, mafi sauƙinsu ibuprofen, miligiram 400 bai wuce sau uku ba, bayan abinci, bayan an ƙoshi da ruwa, kwana uku zuwa biyar a tsaya. Mai azumi kada ya buɗe baki da ita, ya bari sai ya sha ruwa ya ci abinci, fitsari ya fara washewa. Mai juna biyu daga wata biyar ta guje su sam, suna rage fitsarin ɗan tayi da ruwan da yake kwance a ciki, kuma akwai diklofenak da ake haɗawa da misoprostol don kare tumbi, wanda yake zubar da ciki. Ƙaramin asfirin mai miligiram 75 da likita ya rubuta don zuciya lissafinsa daban ne, kada a daina shi da ka.

Roƙona ga hukumar kula da sana'ar harhaɗa magunguna da NAFDAC da ƙungiyoyin masu kemis ba shi da tsada. Kafin a ɓallo ƙwaya a yi tambaya huɗu: kana da olsa, kana shan maganin hawan jini ko suga, kana amai ko gudawa, in mace ce kina da ciki? A daina haɗa 'yan gida ɗaya a ƙulli ɗaya. A daina cire ƙwaya daga katinta, a yanka katin yadda sunan zai bi ta, ko a rubuta sunayen a 'yar takarda a saka a ledar. Ranar da aka kawo mutum asibiti ranga-ranga kwana biyu bai yi fitsari ba, tambayar farko da likita yake yi wa 'yan'uwansa ita ce me ya sha, kuma amsar da ake samu har yau ita ce, "Ja biyu ne, da fara ɗaya, da wata 'yar ƙarama."

Wassalam.

Daga wani mai harhaɗa magunguna, Kano.